Rijiya Ta Bayar, Wa Ya Hana?

Na san ku, kuma kun san na san ku. Ku ne waɗanda in aka ce muku wasu 'yan akwatuna biyu da za su shige aljihun riga suna iya ɗauko hoto daga dikodar da ke ɗakin maigida su kai shi talabijin ɗin da ke can ƙarshen rumfa, tafiyar mita 50, ta cikin siririyar wayar nan da ake haɗa kwamfutoci da ita, sai ku taɓe baki ku ce, "Uhm, a dai yi mu gani." To an yi, kun gani, hoto ya fito tar, ba wanda ya ji ko tarinku. Ranar da allo ya yi baƙi ƙirin ana tsaka da wasan Arsenal da Chelsea, ranar bakinku ya buɗe: "Ai da ma na faɗa, kayan Chana ne." Malam, ita wayar da ka zaro kana ɗaukar hoton baƙin allon da ita don ka tura wa abokai su taya ka dariya, a Mai'aduwa aka ƙera ta?

Maganar nan ta shafi mutane da yawa a Daura yanzu. Mai gidan kallon ƙwallo da ya ƙara rumfa ta biyu don ɗakin farko ya yi kaɗan, da kwamitin masallacin da ke son mata su riƙa ganin malam lokacin tafsirin azumi daga nasu ɓangaren, da Alhaji mai kanti da ke son ganin abin da kyamarori ke ɗauka yana kishingiɗe a falonsa, duk na'ura ɗaya suke zuwa Kano ta hanyar Kazaure su sayo. Ekstenda ake ce mata. Kuma duk kuka ɗaya suke dawowa da shi.

Mu da muke zaune a gindin rijiyar Kusugu bai kamata a ce sai an koya mana wannan karatu ba. A labarin da kowane yaro ya sani, rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Ruwa na nan Asabar da Lahadi kamar yadda yake nan ranar Juma'a. Abin da ya shiga tsakanin ruwa da mutane shi ne matsalar, wato macijin nan Sarki. Kuma a duk faɗin garin Daurama ba a ji wanda ya ce a cike rijiyar a haƙa wata ba. Bayajidda guga ya karɓa a hannun tsohuwa Ayana, ya je ya zura ya ga abin da ke riƙe da shi. Ku kuwa da da ku aka yi zamanin, da cewa za ku yi rijiyar ce jabu, a naɗe ta a kwali a mayar wa mai shago. Hausawa na cewa rijiya ta bayar guga ya hana. A sha'anin ekstenda, rijiya ta bayar, guga ma ya yarda, igiya ce ruɓaɓɓiya. Mafi yawan lokuta akwatunan lafiyarsu ƙalau. Laifin na waya ne, ko na kawunan da aka matse mata, ko na adaftar wuta.

Kafin ku fara "wa ya ce", ku tsaya ku ji nauyin kayan da kuke ɗora wa wayar. Igiyar HDMI, wadda ta fito a ƙarshen 2002, an yi ta ne don tazarar da ke tsakanin dikoda da talabijin a ɗaki ɗaya. Da ta wuce mita 10 zuwa 15 sai ta fara ciwon baya. Hoto mai kaifin 1080p yana tura sama da gigabit 4 a cikin daƙiƙa guda. Ita kuwa wayar Cat5e da kuka ja, ainihin aikin da aka san ta da shi gigabit 1 ne a tsawon mita 100. Shi ya sa a 2010 kamfanonin LG da Samsung da Sony Pictures da Valens suka haɗu suka fito da tsarin HDBaseT, wanda ke iya kai hoto da murya mita 100 a kan waya guda. Sai dai kada ku yi saurin murna, yawancin 'yan akwatunan da ake sayowa da araha ba wannan tsarin ba ne. Nasu alkawarin mita 50 ko 60 ne, shi ma da sharaɗin waya Cat6 ta jan ƙarfe zalla, sharaɗin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a gefen kwali inda ba mai karantawa.

Gwajin farko ko sisi ba ya ci, amma shi ne wanda girman kai ke hana ku yi. Ka sauko da akwatunan biyu, ka ajiye su a kan benci ɗaya kusa da dikoda, ka haɗa su da 'yar guntuwar waya ta mita ɗaya ko biyu wadda aka matse tun daga kamfani, ka jawo talabijin kusa. In hoto ya fito, to ka nemi gafarar mutanen Chana, ka juya ka dubi doguwar wayarka. Kuma tun kana nan a durƙushe, duba rubutun da ke jikinsu. Wanda aka rubuta wa TX shi ke zama wajen dikoda, mai RX shi ke zama wajen talabijin. Kama ɗaya gare su, ramukansu iri ɗaya, kowanne zai karɓi igiya ba musu. Kar ku yi dariya. Manya masu gemu sun kwana suna zagin na'ura a kan wannan, da safe wani yaro ɗan firamare ya zo ya musanya su.

Na ji wani daga bayan benci yana cewa, "Ai ni na gwada wayar. Na soka ta a laftof, intanet ya zo." Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Silin waya takwas ne a cikin bawon nan. Haɗin kwamfuta mai gudun megabit 100 da huɗu kawai yake aiki, na 1 da na 2 da na 3 da na 6. Sauran huɗun ko ɓera ya cinye su a cikin rufin ɗaki, Facebook ɗinka zai buɗe. Ko da laftof ɗin mai gigabit ce, in ta ga wasu silin sun mutu takan sauko ta yi aiki da huɗun ba tare da ta gaya maka ba. Bayan haka, intanet in saƙo ya ɓace a hanya sake aiko shi ake yi, kai ba ka ma sani ba. Ekstenda irin ta kai-tsaye duk takwas ɗin take so, kuma ba ta da lokacin cewa a maimaita. Abin da ya faɗi ya faɗi.

"To ai injiniya ya sa testa, fitilu takwas duk sun kama, ɗaya bayan ɗaya." Yauwa, nan nake jiran ku, don a nan gizo ke saƙar.

Fere bawon wayar ka duba. Silin takwas ɗin ba a sake suke ba, biyu-biyu aka murɗe su, kowane mai launi da abokinsa fari mai ratsin launinsa. Ba don ado aka yi ba. Dabara ce tsohuwa, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881 saboda layukan tarho. Saƙo ɗaya ake turawa ta silin biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a juye. Duk wata hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje, tunda a murɗe suke, daidai wa daida take samunsu, sai akwatin da ke karɓa ya cire wannan daga wancan, hayaniya ta soke kanta, saƙo ya rage. In ka raba sili da abokin murɗinsa, wannan kariya ta tafi.

Yanzu ga inda tsabta ke kashe mutum. A cikin kan robar nan mai haƙora takwas, abokan aiki su ne 1 da 2, sai 3 da 6, sai 4 da 5, sai 7 da 8. Ka lura, 3 da 6, ba 3 da 4 ba. Injiniyan unguwa mai son tsari sai ya ga wannan ai hauka ne, ya jera su gwanin sha'awa, ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu, ya yi haka nan a ɗaya ƙarshen ma. Testa mai araha abu ɗaya ta sani, shin na 3 na can ya iso na 3 na nan? Ya iso. Fitila ta kama, injiniya ya karɓi kuɗinsa har da na mai. Amma saƙon da ke bin 3 da 6 yanzu yana tafiya a kan kore ɗaya da shuɗi ɗaya waɗanda ba a murɗe su tare ba. A mita 5 ba za ka gane ba. A mita 40 sai hoto ya riƙa ƙyaftawa, ko fararen ɗige-ɗige su riƙa tartsatsi a kan rigunan 'yan wasa, ko allo ya rubuta maka No Signal ya yi zamansa.

Jerin da aka fi bi, wanda ake kira B, ga shi. Riƙe kan, harshen robar yana ƙasa, haƙoran suna sama, wayar tana wajenka, ka ƙirga daga hagu: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka a ƙarshen nan, haka a wancan. Kada a warware murɗin ya wuce milimita 13, wato rabin inci, kuma bawon waje ya shiga cikin kan har filaya ta danne shi. In ka ga sili masu launi suna leƙe tsirara a bayan kai tsawon yatsa, ka yanke a sake. Ni ra'ayina, duk wanda ekstendarsa ta fara wasa, ya yanke kawunan biyu ya sake matsewa tun kafin ya tambayi kowa. Kai biyu ba su kai kuɗin shayi da burodi ba.

Sai ita wayar kanta. Kwalin yakan zo da mita 305, an buga masa Cat6 da manyan baƙaƙe, farashinsa kuma ya yi daɗi har mai saye yana jin ya yi wayo. Na taɓa tsayawa a wani gidan kallo ana gardama a kan irin wannan kwali, maigidan yana rantsuwa cewa tasa orijina ce, don ga ta nan ja wur. Wani saurayi mai gyaran waya bai ce masa ƙala ba. Ya yanki ɗan guntu, ya fere robar, ya sa reza ya kankare silin. Jan ya tafi, fari fat ya bayyana a ƙasa. Ya karɓi laita a hannun mai shayi ya kanga mata wuta, nan take silin ya lanƙwashe ya zube. Ya ciro wani guntu daga jakarsa ya yi masa haka, wannan ya yi ja da zafi amma yana nan a miƙe. Maigida ya dubi guntayen biyu, ya dubi sama inda mita 55 na irin ta farkon ke kwance a ƙarƙashin kwano, ya ce, "Allah ya isa." Alminiyam ce aka yi mata fentin jan ƙarfe, CCA ake rubuta mata in mai yin ta na da sauran kunya. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take iya ɗauka, ga ta da saurin karyewa a cikin kai. In ekstendarka irin mai adafta ɗaya ce, wadda ke aika wa akwatin can wuta ta cikin wayar, to wutar kan rame kafin ta isa. Ko ɗaga kwalin ka yi, rashin nauyinsa zai gaya maka gaskiya.

Kuna cewa, "In wayar ce, me ya sa ta yi aiki lafiya lau duk lokacin sanyi?" Tambaya mai kyau, har na yi mamakin fitowarta daga bakinku. Mita 100 ɗin da ake faɗa a zafin digiri 20 aka lissafa ta. Ƙarfe in ya ɗau zafi ƙarfin ɗaukarsa raguwa yake yi. Daura a watan Afrilu ana wuce digiri 40 a inuwa, balle tsakanin silin da kwano da ƙarfe biyun rana. Wayar da da ma a bakin gaɓa take a watan Janairu, bazara na zuwa sai ta faɗa. Hoton zamani kuma ba ya yin yayyafi a hankali irin na eriyar da, wanda za ka ci gaba da kallo kana lumshe ido. Ko yana nan garau, ko ya ɗan ƙyafta, ko babu. Akwai hanyar kama shi: shiga saitin dikoda ko na'urar kyamarori, in yana kan 1080p ka mai da shi 720p. Ka rage wa wayar rabin kaya ke nan. In can ma ya ƙi, sauka 576. In hoto ya dawo ya zauna, wayar ce ta gaza, ko ta yi tsawo, ko ta yi arha.

Ragowar laifuffukan kun san su, ku kuka aikata. Waya ta gaza da mita uku, aka ƙulla mata wata da hannu aka naɗe da baƙin salatif. Waya ta yi saura da mita 20, aka ƙi yankewa don kada a yi asara, aka nannaɗe ta aka rataye a ƙusa bayan talabijin. An buga mata ƙusa a ciki, an karya ta a kusurwar bango. Wayar cikin ɗaki ce aka shimfiɗa a kan katanga rana da ƙurar hunturu suna cin bawonta, damina ta zo ruwa ya shige.

Sai 'yan uwana masu cewa hannu ne. Wai tun da wane ya buɗe nasa gidan kallon a layin baya, kullum da an shiga zagaye na biyu sai hoto ya ɗauke. Allah ya tsare mu da sharrin masu sharri, amin. Amma kafin a kai kuɗi wajen malam, a duba ko asirin nan yana tashi ne daidai lokacin da firizar lemo ta tashi, ko lokacin da mai walda na maƙwabta ya kunna injinsa. In ka ɗaure wayar hoto da wayar janareta wuri ɗaya da igiyar roba tsawon rumfa don aiki ya yi kyau, ka haɗa ta da maƙiyinta da hannunka. A raba su, a bar tazara ko da taku ɗaya ce, in dole su haɗu su gicciye juna su wuce. Wanda ba shi da yadda zai yi ya sayi waya mai rigar ƙarfe a ciki.

Adafta kuwa, a nan ne kawai nake yarda akwati ya mutu, kuma ko a nan kashe shi aka yi. Da yawansu bolt 5 suke ci, wasu 12. Bakin adaftar dikoda mai bolt 12 yakan shige ramin akwati mai bolt 5 sumul. Ɗan ƙauri za ka ji, shi ke nan. Akwai kuma mai ɗauko tsohuwar cajar waya ya ce ai duk biyar ce. Fitilar wuta za ta kama, ta haɗi kuma ta riƙa ƙyaftawa, don ƙarfin bai kai ba. Wani gwanin kuma sai ya ga ramin irin na rauta ne, ya soka wayar a rauta wai don hoto ya je ɗakuna uku. Irin ta kai-tsaye ba yaren intanet take yi ba, ramin kawai ta ara, in kuma mai tura wuta ta cikin waya ce ana iya yin asarar rautar ma. In wayarka ta tsallaka daga wannan gini zuwa wancan, da ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka zare ta. Tsawa ba sai ta faɗo a kanka take ƙona kaya ba.

Akwai wata matsalar da ba ta waya ba ce, kuma ita ce ta fi sa mutane zargin aljanu. Duk lokacin da aka kunna, dikoda sai ta tambayi talabijin irin hoton da yake iya nunawa, shi kuma ya karanto mata jerinsa. Wannan shi ne EDID. Bayan nan akwai HDCP, tsarin da Intel ya ƙirƙiro don hana satar fim, inda dikoda ke neman shaidar cewa talabijin take aika wa hoto ba na'urar kwafi ba. Duk wannan tambaya da amsa ta cikin akwatunan da doguwar wayar take bi. In wutar gari ta ɗauke aka koma janareta, kowace na'ura ta farka a lokacin da ta ga dama, sai dikoda ta yi tambaya talabijin bai tashi ba, ta ji shiru, ta kama bakinta. Maganin ba ya wuce a kashe komai daga soket, a kunna talabijin tukuna, sai akwatin da ke wajensa, sai na wajen dikoda, ita dikoda a ƙarshe. In laftof na nunawa ta ekstenda amma dikoda ta ƙi, mai yiwuwa HDCP ce ba ta wuce ba, sau da yawa saboda wata tsohuwar sifilita mai raba hoto da aka saka a tsakani. Su sifilitocin nan kuma da yawansu bakin farko suke saurara. In ka sa sabon talabijin mai 4K a nan, dikoda ko na'urar gem za ta aiko hoto daidai da shi, tsohon da ke can rumfa ya rasa yadda zai yi da shi. Sa tsohon a bakin farko, ko ka nemi ɗan makunnin EDID da ke jikin akwatin ka tsayar da shi a 1080.

Ban ce ba a samun akwati mara kyau daga kwali ba. Ana samu, kuma gwajin benci zai tona shi cikin minti biyar, ka mayar da shi da hujjarka a hannu, ba da "ni dai bai yi ba". Abin da na ƙi shi ne a canza akwati sau uku a kan waya ɗaya, kowane karo ana ƙara tsine wa Chana.

In tazararka ta wuce mita 60 da gaske, to ka daina matsa wa ƙaramin akwati. Ko ka sayi HDBaseT na ainihi, ko ka koma wayar gilashi wadda ba ruwanta da janareta ko tsawa, ko ka ɗauki irin ekstendar da ke matse hoto ta aika shi da yaren intanet. Wannan ta ukun takan kai mita 120, tana bi ta suwic, akwati ɗaya ya ciyar da talabijin da yawa. Kuɗin da take karɓa shi ne jinkiri, ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. A masallaci za ka ji muryar malam ta lasifika ta riga leɓensa a allon ɓangaren mata. A gidan kallo kuwa ɗakin da ke kusa da dikoda zai fashe da ihun "Ta shiga!" alhali 'yan rumfar waje suna kallon ɗan wasa bai ma ɗaga ƙafa ba. Wannan kam ba gyaran da zan iya muku. Sai ku zauna da maigida ku yanke shawarar magoya bayan wace ƙungiya za a riƙa tura wa rumfar da labari ke isowa a makare. Ni dai na ba da shawarar 'yan Manchester United, ko banza a ɗan jinkirta musu baƙin ciki.